Lita Ɗaya Cikin Hamsin: Yadda Alƙawarin Shell FuelSave Ya Kaya a Birtaniya

A shekarar 2010 kamfanin Shell ya sauya man da yake sayarwa a gidajen mansa na Birtaniya. Fetur da gas na yau da kullum, waɗanda kowa ke sha, aka raɗa musu sabon suna, FuelSave, ma'ana mai sa a yi tattalin mai. Farashi bai ƙaru ba. Abin da ya zo sabo shi ne alƙawari. Kamfanin ya ce masanansa sun zuba wasu sinadarai a cikin man da za su iya rage wa direba har lita ɗaya a duk tankin da ya cika, idan tankin mai cin lita 50 ne. Aka yi ta shelar wannan magana a rediyo, aka aika ta gidajen mutane cikin takardun talla. Wasu da suka ji ba su gamsu ba, suka kai ƙara gaban ASA, hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace a ƙasar. A watan Oktoba na 2011 hukumar ta yanke hukunci cewa tallan yana iya yaudarar mai saye, kuma kada a sake fitar da shi a wannan siga.

Na daɗe ina komawa kan wannan lamari, domin irin wannan alƙawarin ne, har ma wanda ya ninka shi, ake rubutawa a jikin 'yan kwalaben maganin mai da ke jere a shagunan kayan gyara. Direban tifa ko mai injin niƙa yakan cire kuɗi daga abin da zai kai gida ya sayi kwalbar, yana da yaƙinin cewa zai maida kuɗinsa a wajen shan gas. Ya cancanci ya san me ya faru ranar da aka ce wa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin mai na duniya ya kawo hujja.

Abin da aka ce, da abin da aka nemi a nuna

Lita ɗaya cikin 50 kashi biyu ne cikin ɗari. Wannan shi ne ƙololuwar abin da Shell ya yi iƙirari, kamfanin da ke da ɗakunan gwaji da injiniyoyi da kuɗin da zai gwada duk motar da ya ga dama. Bai ce kashi 10 ba, bai ce 20 ba. Kuma ko kashi biyun ma sai da ya jingina shi da kalmar "har".

Kalmar nan ita ce ƙofar da mai talla yake bar wa kansa a buɗe. In mutum ɗaya cikin dubu ya samu litar, maganar ba ta zama ƙarya ba, alhali sauran ɗari tara da casa'in da tara sun ji ta ne a matsayin abin da zai same su. Saboda haka ASA take da ma'auni a wancan lokacin: wanda ya ce "har kaza" sai ya nuna cewa aƙalla mutum ɗaya cikin goma na masu saye zai iya kai wa wannan adadi. Shell ya gabatar da sakamakon gwaje-gwajensa. Hukumar ta duba, ta ga nau'o'in motocin da aka gwada 'yan ƙalilan ne, ba su isa su wakilci tarin motocin da ke kan titunan ƙasar ba, sababbi da tsofaffi, manya da ƙanana, kowace da irin hannun da ke tuƙa ta.

A nan dole a yi wa kamfanin adalci. Hukumar ba ta ce man bai da kyau ba, ba ta kuma ce babu abin da sinadaran ke yi ba. Cewa ta yi hujjar da aka kawo ba ta kai girman maganar da aka faɗa ba. ASA ba kotu ba ce, ba ta cin tara, kuma kuɗin gudanar da ita daga masu tallan kansu yake fitowa. Iyakarta ta ce a janye talla. An janye wannan lafazin, man kuma ya ci gaba da sayuwa da sunansa. Amma a ganina wannan hukunci mai sauƙi ya fi wani mai tsanani amfani, domin ya nuna inda gizo ke saƙa: ragin da ake magana a kai ƙarami ne ƙwarai, har ya kai ga auna shi ma aiki ne ja.

Me ake zubawa a cikin man?

Duk gas ɗin da ake sayarwa a gidajen man Birtaniya, mai araha da mai tsada, dole ya cika ƙa'ida ɗaya ta Turai da ake kira EN 590. A wancan lokacin ta ce farar wutar da ke ciki kada ta wuce kashi 10 cikin miliyan, lambar siten, wato ma'aunin saurin kamawar gas da wuta a cikin inji, kada ta gaza 51, nauyin man ya tsaya tsakanin giram 820 da 845 a kowace lita, sannan akwai iyakar santsin da dole ya kasance da shi. Sau da yawa tankokin kamfanoni daban-daban daga matata ɗaya ko ma'ajiya ɗaya suke ɗaukar lodi. Bambancin yana shigowa ne a lokacin lodin, inda kowane kamfani ke ɗiga nasa haɗin sinadaran, kuma yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa cikin miliyan ba.

Daga nan ake gane abu na farko. Ƙarfin da ke tura mota yana cikin man kansa, kuma ɗigon da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba ba zai ƙara wa lita wani ƙarfi ba. Haka kwalbar mililita 250 da aka juye cikin lita 50, rabin kashi ɗaya ce cikin ɗari. Duk abin da sinadari zai yi, sai dai ya taimaki injin ya ci moriyar ƙarfin da ke cikin man tun farko.

Mafi muhimmanci a cikin haɗin shi ne sinadarin wanki. Injin gas na zamani yana tura mai ta ramukan nozul da faɗinsu bai fi silin gashi ɗaya ko biyu ba, da matsin da yakan kai 2,000 a ma'aunin "bar", kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Man yana fita kamar hazo, shi ya sa yake ƙonewa tas. Idan dauɗa ta fara taruwa a bakin ramukan, hazon sai ya lalace, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙaru, direba ya ƙara taka totur domin ya samu abin da ya saba samu. Masana'antar mai a Turai tana da gwaji na musamman a kan wannan, da wani injin Peugeot mai suna DW10. Da gangan ake sa tutiya kashi ɗaya cikin miliyan a cikin man domin dauɗar ta taru da wuri, a bar injin yana aiki, a auna yawan ƙarfin da ya zube. Sinadarin wanki mai kyau yana hana wannan zubewar, wani ma yana dawo da abin da ya riga ya zube. Wannan gaskiya ne, an auna an gani.

To amma a lura da irin ribar. Maido da abin da ya ɓata ne. Injin da nozul ɗinsa ke da tsabta ba shi da abin da za a maido masa, don haka motoci biyu iri ɗaya za su sha mai ɗaya, mai datti ta ga canji, mai tsabta ba ta ga komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da gwajin motoci ƙalilan ba zai yi magana da yawun dukan direbobin ƙasa ba. Akwai kuma darasi na gefe a gwajin nan ga duk mai ajiyar gas: in tutiya kashi ɗaya cikin miliyan tana toshe nozul, to duro ko tankin da aka shafe cikinsa da tutiya ba wurin zuba gas ba ne.

Na biyu shi ne mai ɗaga siten. Injin gas ba shi da fulogi. Iska ake matsewa har ta yi zafi, a fesa mai ya kama da kansa, lambar siten kuma ita ke nuna saurin kamawar. Ƙarin lamba biyu ko uku yana sa injin ya tashi da sauƙi da sanyin safiya, ƙwanƙwasarsa ta ragu, farin hayaƙin farko ya yi sauƙi. Direba yana jin wannan a kunnensa, kuma ba ƙarya yake ji ba. Sai dai laushin ƙara daban, ragin shan mai daban. Injin da aka saita shi a kan 51 ba ya samun wani abin kirki a wajen tattali don an ba shi 55. A Amurka, inda ƙa'idar ta sauko har 40, maganar tana da ɗan ƙarfi fiye da haka.

Sauran su ne mai hana kumfa, da mai hana tsatsa, da mai ƙara santsi, da mai hana man daskarewa a lokacin hunturu. Mai ƙara santsin yana da tarihi. A farkon shekarun 1990 ƙasar Suwidin ta fara sayar da gas da aka cire wa kusan dukan farar wutarsa, sai famfunan injekta suka riƙa lalacewa, domin tacewar da ta cire farar wutar ta tafi da abubuwan da ke ba man santsi. Tun daga nan ake zuba maganin santsi tun kafin man ya bar ma'ajiya, kuma ƙa'ida ce ta wajabta, ba sai direba ya saya a kwalba ba.

Dalilin da direba ba zai iya gani da idonsa ba

Nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Mutane da yawa za su rantse cewa sun gwada sun ga bambanci, kuma ban ɗauke su maƙaryata ba. Matsalar ita ce kashi biyu cikin ɗari yana ɓacewa a cikin abubuwan da suka fi shi girma.

A koma kan nauyin man. Tsakanin giram 820 da 845 akwai tazarar kashi uku cikin ɗari, kuma ƙarfin da ke cikin lita yana bin nauyinta. Ke nan tanka biyu da suka cika ƙa'ida, suka sauke a gidan mai ɗaya a makonni biyu, za su iya bambanta da fiye da abin da Shell ya yi alƙawari gaba ɗaya. Gas ɗin Shell mai tsada na wancan zamani, mai suna V-Power, yana da haɗin man da ake yi daga iskar gas, irin wanda motar Audi R10 ta sha ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a 2006, karo na farko da motar gas ta ci wannan tsere. Man yana da siten mai yawa, yana ƙonewa da tsabta, amma ya fi gas na yau da kullum rashin nauyi. Lita ɗayarsa ba ta fi ta gama-gari ƙarfi ba.

Sai mai hana kumfa. Gas yana kumfa idan ana zuba shi, kumfar ce ke sa bakin famfo ya katse da wuri. In babu kumfa tanki zai ɗauki mai fiye da yadda ya saba, mota ta yi nisa fiye da da kafin allura ta faɗi. Mai auna tattali da "tanki ɗaya ya kai ni wuri kaza" zai ce ya samu riba, alhali man da ya zuba ne ya fi yawa, kuma ya biya kuɗinsa.

A ƙara da iskar da ke kaɗawa ta gaba ko ta baya, da lodi, da iskar taya, da cunkoso, da zafin rana. A ƙara da ƙafar direban kansa, wadda ta fi duka. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci, wato fizgar totur da taka burki da gudu, yana iya cin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na tattalin mai a babbar hanya. Wanda ya sayi kwalba da kuɗinsa kuma ya sa ido ya ga sakamako, yakan sassauta ƙafarsa ba tare da ya sani ba, sai ya ba kwalbar ladan da ƙafarsa ta samo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta shafe shekaru tana gwada na'urori da sinadarai fiye da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta samu wanda ya yi wani tasiri na a zo a gani ba.

Ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

FuelSave ba a ƙara masa farashi ba, don haka wanda ya sha bai yi asarar ko kwabo ba ko da bai samu litar ba. Lissafin yana canzawa ne idan aka zo kan gas mai tsada da kwalaben da ake saye daban. A ce, don misali kawai, lita tana naira 1,000, babbar mota kuma ta sha lita 400. Ko an ba sinadarin cikakken kashi biyun nan da Shell ya kasa tabbatarwa, lita takwas ke nan, naira 8,000. In maganin da zai ishi lita 400 ya kai wannan kuɗi, an yi canjaras. In ya wuce, an faɗi. Haka gas mai tsada: muddin ƙarin farashinsa ya haura kashi biyu cikin ɗari, ba za a maida kuɗin a wajen shan mai ba. Wanda zai saye shi ya saye shi domin tsabtar nozul, musamman in motarsa ba ta fita doguwar tafiya, kullum tana cikin gari tana tsaye-tsaye. Wannan dalili ne mai ma'ana, kuma cika tanki da shi jefi-jefi ya wadatar.

Abin da na gani a gareji

Yayana yana da tifa da ke ɗibar yashi. Akwai lokacin da ta fara baƙin hayaƙi, ta daina jan lodi a hawa, direban kuma ya shafe watanni yana juye mata kwalbar magani duk lokacin da ya sha gas. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na raka su wajen wani dattijo mai gyaran famfon injekta a Kano. Bai ko kalli kwalbar ba. Ya kwance filta, ya juye abin da ke ciki a wata gorar ruwa ta roba, ya ajiye ta a kan benci a rana. Kafin ya gama wanke hannu man ya rabu biyu: gas a sama, a ƙasa ruwa mai kaurin yatsa biyu, da wata laka ja-ja kwance a gindi.

Sannan ya ɗaura nozul ɗaya a kan injin gwajinsa na hannu, ya danna. Wani sabo da ya fara nuna mana yana fesa hazo ne da ɗan ƙara kamar ana yaga ƙyalle. Na tifar kuwa tsiyaya yake yi, man yana ɗiga daga bakinsa bayan an saki hannu.

Na ce, "Baba, wankewa ba za ta yi ba?"

Ya ce, "Ɗana, datti ake wankewa. Wannan ƙarfen ne ya cinye. Ruwa da yashi suka ci shi."

Ya juya wajen direban ya tambaye shi inda yake shan gas, da ranar da ya canza filta ta ƙarshe. Direban ya yi shiru a kan ta biyun. Kuɗin da ya tafi a kwalabe a waɗannan watanni da ya sayi filta mai kyau fiye da sau ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Niyyarsa ta kula da motar maigidansa ce, kuma abin da aka rubuta a jikin kwalbar ya gaskata.

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. Wasu kwalaben suna alfahari da cewa suna "shanye ruwan" da ke cikin tanki. Abin da irinsu ke yi shi ne su gauraya ruwan da man, sai ya wuce matatar da aka sa domin ta tare shi, ya isa famfo da nozul. Masu ƙera injuna da yawa sun fi son akasin haka, a bar ruwa ya kwanta a ƙasa a buɗe a tsiyaye shi. Wasu kwalaben kuma rabin aikinsu hana man daskarewa ne a cikin ƙanƙara, abin da mai mota a Kano ko Zinder ba zai taɓa buƙata ba. Wanda na ga yana da gurbi a wurinmu shi ne maganin kashe ƙwayoyin da ke tsirowa a tsakanin ruwa da gas a tankin janareton da ya daɗe a ajiye, waɗanda ke zama baƙar majina su toshe filta. Shi ma sai an fara zubar da ruwan.

Inda labarin ya taɓo mu

Gardamar Birtaniya an yi ta ne a kan man da tun asali yake da tsabta, kowa kuma ya amince da hakan. A yankinmu tushen ne ke da magana. A watan Satumba na 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi mai a gidajen man ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Gana da Benin da Mali, ta samu gas da farar wutarsa ta ninka iyakar Turai har sau 378. A lokacin ƙa'idar Najeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. A watan Yuli na 2024 kuma ƙasa ta shaida cacar baki tsakanin NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan tacewa da sayar da mai a Najeriya, da matatar Dangote a kan yawan farar wutar da ke cikin gas ɗin gida da na waje, har aka yi gwaji a gaban 'yan majalisar wakilai.

Babu kwalbar da ke cire farar wuta daga mai. Babu wadda ke raba gas da kananzir ɗin da aka surka masa, wanda ke rage masa santsi ya bar famfo yana cin kansa. Gas mai farar wuta da yawa yana sa baƙin mai ya lalace da wuri, maganinsa kuma a riƙa juye baƙin man kafin lokacin da littafin mota ya faɗa, musamman in littafin don Turai aka rubuta shi.

Dattijon nan ya sa wa tifar sababbin nozul, ya canza filta biyu, ya sa aka sauke tanki aka wanke shi. Da za mu tafi ya miƙa wa direban gorar robar da ruwan da lakar a ciki, ya ce ya ajiye ta a mota, kuma duk inda zai sha gas a wurin da bai sani ba ya fara tarar kaɗan a gora mai haske, ya ba shi minti goma ya kwanta kafin ya bari a zuba masa a tanki.